Darasi na Shida: Koyar da Ilimin Zamantakewa a Firamare Lokacin Koyarwar Gwaji

Wannan darasi na waɗanda ke shirin fita koyarwar gwaji ne, musamman waɗanda suka dawo karatu da girmansu, ko dai a kwalejin ilimi ko ta karatun nesa na Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna. Da yawanku iyaye ne. Wasu sun yi kasuwanci, wasu noma, wasu kuma sun daɗe suna karantarwa a Islamiyya. Zaman duniya dai kun san shi. Abin da ya rage shi ne ku iya tsayawa a gaban yara 'yan shekara shida zuwa goma sha biyu, ku sa su fahimci zaman da suke ciki. Ana so idan mun kai ƙarshe kowannenku ya iya tsara darasin zamantakewa na minti talatin da biyar wanda ya tashi daga unguwar da makarantar take, ya iya samo kayan koyarwa ba tare da ya taɓa aljihunsa ba, ya kuma san wuraren da ake taka tsantsan.

Inda fannin ya samo asali

A da, tarihi daban ake koyar da shi, labarin ƙasa daban, ilimin zama ɗan ƙasa daban, kuma kaso mai yawa na abin da ake karantawa a manyan azuzuwa labarin Ingila ne da daularta. Bayan samun 'yancin kai a 1960 masana ilimi suka fara tambayar amfanin wannan ga yaron da zai rayu a Najeriya. A shekarun 1960 aka gwada haɗa waɗannan fannoni wuri ɗaya a makarantar sakandare ta Aiyetoro, wadda yanzu take cikin Jihar Ogun. A 1968 wakilan ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi suka yi taro a Mombasa ta Kenya kan wannan batu, sannan a 1969 aka yi babban taron manhaja na ƙasa a Legas, ana tsakiyar yaƙin basasa. Ku riƙe wannan lokaci a ranku, domin shi ne ya ba fannin manufarsa: ƙasa tana neman wargajewa, ana neman hanyar da yara za su tashi sun san juna, sun san haƙƙinsu da haƙƙin da ke kansu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tabbatar wa fannin gurbi a firamare.

Tun daga nan hukumar tsara manhaja ta ƙasa, NERDC, ta sha sauya masa zama. Wani lokaci yana tsaye da kansa, wani lokaci a haɗa shi da ilimin zama ɗan ƙasa da ilimin tsaro a ƙarƙashin suna ɗaya, kamar yadda aka yi a gyaran 2012. Saboda haka kada ku dogara da tsohon littafin da kuka gada daga wani yayanku. Ku nemi manhajar da makarantar ke aiki da ita a zangon da kuka je.

Makon farko

Ranar da kuka kai takardar kwaleji ga hedimasta, za a haɗa ku da malamin aji. Wannan mutum shi ne ginshiƙin zamanku a makarantar. Ko da kun girme shi, ko kun fi shi takardu, ajinsa ne, kuma bayan tafiyarku shi zai ci gaba da zama da yaran. Ku gaishe shi da girmamawa, ku roƙi ya nuna muku jadawalin darussan zango da inda ya tsaya, ku zauna a bayan aji kwana biyu ko uku kuna kallon yadda yake yi. A nan za ku gane wane yaro ne ba ya ganin allo sosai, wace yarinya ce take zuwa a makare saboda talla, waɗanne ne ba su iya karatu ba tukuna ko da yake suna aji huɗu.

Akwai aiki na biyu a wannan mako wanda ɗaliban koyon malanta ba su cika yi ba, kuma a ganina ga mai koyar da zamantakewa ya fi na farkon nauyi. Ku taka unguwar da ƙafa. Ku san sunan mai unguwa da gidansa, ku san sunan dagaci da hakimi da kansilan mazaɓa. Ku ga inda ake ɗebo ruwa, inda ake zubar da shara, ranar da kasuwa ke ci, sana'ar da ta fi yawa, asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, ko akwai coci, ko akwai rugar Fulani a gefen gari, ko akwai waɗanda rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu. Mai gadin makaranta da matar da ke sayar da awara a bakin ƙofa za su faɗa muku rabin wannan a zama ɗaya. Duk abin da kuka tattara ku rubuta a bayan littafin tsara darasinku, domin daga cikinsa za ku riƙa ciro misalai har ku gama.

Darasi guda, hanya biyu

Mu ɗauki aji huɗu, batun kuma shi ne shugabannin al'ummarmu. Ga yadda ake yawan yi. Malam ya shigo, yara sun miƙe sun gaishe shi, ya juya ya rubuta kwanan wata da kan darasi, sannan ya kwafe ma'anar shugaba da Turanci daga littafi, layi uku. Ya karanta, yara su amsa da ƙarfi, sau biyar. Ya jero ire-iren shugabanni, su maimaita. Ya tambaya ko sun gane, su ce e da murya ɗaya. Sauran lokacin ya tafi a kwafar rubutu, aka kaɗa ƙararrawa. A takarda darasi ya kammala, lesin not ya cika, amma da za ka tare ɗaya daga cikin yaran a hanya ka tambaye shi wane ne shugaban unguwarsu, ba zai haɗa tambayarka da abin da ya rubuta ɗazu ba. Ina jin ciwon wannan ƙwarai, domin yaron ya san amsar tun kafin ya shigo aji, malam ne bai tambaye shi ba.

Ga wata hanyar. Malama ta shigo, bayan gaisuwa ba ta taɓa alli ba, sai ta ce:

"Yara, ku saurara. Akuyar gidanku ta tsinke igiya, ta shiga gidan maƙwabta ta cinye shanyar gero. Mai geron ya fito yana faɗa, ya ce sai an biya shi. Wa zai raba wannan rigima?"

Hannuwa za su tashi, har na waɗanda ba su taɓa magana a aji ba.

"Malama, babana!"

"Malama, liman!"

"Mai unguwa, Malama!"

Wani daga baya zai ce 'yan sanda, sauran su yi dariya. Malama ba ta kore amsar kowa ba. Ta rubuta duka a allo, har da 'yan sandan, sannan ta tambayi yaron da ya faɗa: "To, a kan akuya za a fara zuwa caji ofis?" Shi da kansa zai ce a'a, sai in an yi dambe an ji wa wani rauni. Ga shi ya bambanta ƙaramar rigima da laifi, ba tare da an ba shi wata ma'ana ya haddace ba.

Daga nan ta ci gaba da ja: idan iyayen gida biyu sun kasa daidaitawa fa? Mai unguwa. Idan abin ya fi ƙarfin mai unguwa, kamar rikicin iyakar gona? Dagaci. Sama da dagaci? Hakimi. Sama da hakimi? Sarki. Tana rubutawa daga ƙasan allo zuwa sama, kuma a gaban kowane muƙami tana sa sunan mai riƙe da shi a garin, wanda ta riga ta samo a makon farko. Za a samu yarinyar da za ta ce mai unguwa kawunta ne, ko yaron da ya taɓa ganin hakimi a kan doki ranar hawan salla. A bar su su faɗa a taƙaice.

Sai tambaya ta biyu: "Famfon burtsatsen unguwa ya lalace wata uku, mata da yara na tafiya mai nisa neman ruwa. Wa ke da kuɗin gyara shi?" A nan yara za su ɗan yi jim. Wani zai ce mai unguwa, sai malama ta tambaya ko mai unguwa yana da baitulmali. A hankali za a iso ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma, wanda yara suka fi sani da ciyaman. Ta buɗe layi na biyu a allo: kansila, ciyaman, gwamna, shugaban ƙasa. Yanzu ga layi biyu a tsaye, sai ta tambayi abin da ya raba su. Ta yaya mutum ke zama hakimi? Naɗa shi ake yi, da rawani. Ta yaya mutum ke zama kansila? Da ƙuri'a. Wanne ne ke da wa'adi? Wanne ne ake iya sauyawa idan zaɓe ya zo? Wannan shi ne zuciyar darasin, kuma yaran ne suka tono shi da bakinsu.

Idan da sauran minti goma, a yi ɗan wasan kwaikwayo. Yaro ɗaya ya naɗa mayafi ya zama mai unguwa, biyu su zama masu rigima, biyu shaidu, sauran aji su zama jama'ar gari. Sharaɗi ɗaya malama za ta kafa: mai unguwa ba zai yanke hukunci ba sai ya ji ta bakin kowane ɓangare. Yaron da ya zauna a wannan kujera ya ji yadda sauraron mutum biyu yake kafin ya buɗe baki, ya koyi wani abu game da adalci wanda zai daɗe tare da shi. Ku tabbatar 'yan mata sun samu rawar takawa, kada su ƙare a 'yan kallo kullum.

Sai a ƙarshe a rubuta taƙaitaccen bayani, layi huɗu ko biyar, tare da kalmomin Turancin da jarrabawa za ta nema. Alƙaluma ma a nan suke shigowa, bayan yaro ya san inda zai rataye su: Najeriya na da jihohi 36 da Babban Birnin Tarayya Abuja, da ƙananan hukumomi 774. Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27, Kaduna da Sakkwato 23 kowacce, Kebbi 21, Zamfara 14. Ba duka za ku ba yaro ba. Ta jiharsa ta ishe shi, tare da sunan ƙaramar hukumarsa da mazaɓarsa.

Aikin gida kuma ya koma unguwa. A ce kowa ya tambayi kakansa ko wani dattijo yadda ake mulki a zamanin En'e, wato hukumomin gargajiya, kafin gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da yadda ake karɓar haraji da jangali. A Kano da Kaduna gwamnatocin Abubakar Rimi da Balarabe Musa ne suka soke harajin da jangalin bayan hawansu mulki a 1979, kuma har yanzu akwai dattawan da ke tuna lokacin da kyau. Washegari za ku ji labarai da ba su cikin littafin aji.

Kayan koyarwa da ke aljihu da kasuwa

Ɗaliban koyon malanta kan kashe kuɗi su sayi kwali da maka, su kwana suna zana hoton da yaran baya ba za su hango ba. Kwali na da ranarsa, amma gani ya kori ji, kuma abin da yaro zai taɓa da hannunsa ya fi zane. Ku ciro takardar naira ashirin. A gabanta akwai hoton Janar Murtala Muhammed, wanda ya mulki ƙasar daga 1975 zuwa 1976, kuma a zamaninsa aka yanke shawarar mayar da babban birni Abuja. Ku juya ta. Ga wata mata zaune tana gina tukunya. Ladi Kwali ce, maginiyar tukwane daga garin Kwali a yankin Abuja, wadda aikin hannunta ya kai ta har Turai da Amurka. Ku ba yara takardar ta zagaya benci-benci, ku tambaya: me ya sa ƙasa ta sa hoton mai ginin tukwane a kuɗinta? Wa ke irin wannan sana'a a garinmu? Daga wannan tambaya kaɗai darasin sana'o'i da mutuncin aikin hannu ya samu ƙofa. Naira biyar na ɗauke da Abubakar Tafawa Ɓalewa, naira ɗari Obafemi Awolowo, ɗari biyu Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ɗari biyar Nnamdi Azikiwe. Idan aka jera su a tebur, yaro ya ga shugabannin farko na ƙasar daga sassa daban-daban suna zaune tare a aljihu ɗaya. Ita nairar kanta a 1973 ta maye gurbin fam da sule.

Don darasin ciniki da dogaro da juna, ku zo da ƙaramin faifai ɗauke da goro ɗaya, ɗan manja a murfin kwalba, albasa, gutsuren kanwa, busasshen kifi da tafin gero. Ku tambaya wanne ake samu a gonakinmu, wanne ake kawowa daga nesa. Gero namu ne. Goro da manja daga kudu suke hawowa a manyan motoci, motocin kuma su koma da shanu da albasa da tumatir da wake. Albasar Aliero ta Jihar Kebbi sananniya ce, haka hatsin da ke taruwa a kasuwar Dawanau ta Kano yana bazuwa har ƙasashen maƙwabta. Sai ku tambaya: idan hanyar kudu ta toshe wata guda, me zai ɓace a miyar gidanku? Me kuma zai ɓace a tukunyar mutanen Ibadan? Yaron da ya amsa wannan ya fahimci dalilin zaman ƙasa ɗaya fiye da wanda aka sa ya haddace kalmar haɗin kai. Wanda ke koyarwa a cikin birnin Kano yana da ƙarin gata: kasuwar Kurmi, wadda tarihi ya danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, tana nan tana ci, haka marinar Ƙofar Mata.

Taswira kuwa a ƙasa ake fara ta. Ku fitar da yara filin makaranta da safe, ku sa su nuna inda rana ta fito, su juya su nuna inda za ta faɗi. Yawancinsu sun san gabas ta hanyar salla, kuma wannan mafari ne mai kyau, sai dai ku sani alƙibla a ƙasar Hausa ta ɗan karkata zuwa arewa maso gabas, saboda haka rana ce ma'aunin da ya fi dacewa. Da tsinke a zana makaranta a kan rairayi, a sa dutse a matsayin masallaci, murfin kwalba a matsayin rijiya, igiya a matsayin titi. Bayan sun yi ta unguwa sau biyu ko uku, sannan a rataye taswirar Najeriya, a nuna musu jiharsu, da inda kogin Kwara da Binuwai suka haɗu a Lokoja. Wanda aka fara nuna wa taswirar ƙasa bai taɓa zana ta ƙofar gidansu ba, launuka kawai yake gani.

Idan kuna son fita da yara wajen makaranta, zuwa fada ko maƙera ko asibiti, sai da izinin hedimasta da rakiyar malamin aji da sanin iyaye, kuma ku je wurin tun kafin ranar ku nemi izinin masu shi. Inda hanya ba ta da aminci kada ku fita ko kaɗan. Ku gayyato maƙerin ko ungozomar ko ma'aikacin lafiyar ya zo aji na minti goma sha biyar, yara su shirya tambayoyinsu tun jiya.

Da wane harshe?

Manufar Ilimi ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yara da harshen uwa ko harshen yankin da suke a ƙananan azuzuwan firamare, Turanci ya karɓa daga baya. Gwamnatoci sun sha taɓa wannan tanadi, don haka ku bi umarnin da makarantarku ke aiki da shi. Amma ko wane umarni ne, littafin da jarrabawar galibi da Turanci suke, yaran kuma da Hausa suke tunani. Shawarata ita ce a gina fahimta da harshen da yaro ke iya gardama da shi, sannan a ɗora kalmar Turanci a kan abin da ya riga ya gane, a rubuta ta, a furta ta, a sa ta cikin gajeriyar jimla. Kalmomi biyar da aka fahimta a darasi ɗaya sun wadatar. Ku kuma lura ko a ajin akwai yaran da Hausa ba ita ce harshen gidansu ba, Fulani ko Kanuri ko Yarabawa ko Ibo ko wasu. Ku tambaye su yadda ake gaida babba da harshensu, sauran aji su gwada faɗa.

Inda ake taka tsantsan

Lissafi ba ya taɓa sirrin gidan kowa. Zamantakewa kuwa kullum a bakin ƙofar gidajen mutane take, kuma a nan ne malami ke iya ji wa yaro ciwo bai sani ba.

Batun iyali shi ne na farko a ƙananan azuzuwa. Hoton da ke littafi yakan nuna uba da uwa da 'ya'ya biyu a kan kujera. Yaran da ke gabanku kuwa wani gidansu mata uku ne da 'ya'ya goma sha biyar, wani a babban gida yake tare da kakanni da baffanni, wata a hannun gwaggo take tun rabuwar iyayenta, wani maraya ne, wani kuma mahaifinsa ya rasu a harin da ya raba su da ƙauyensu. Idan kuka ce kowa ya tashi ya faɗi sunan babansa da aikinsa, akwai wanda zai sunkuyar da kai, kuma wannan sunkuyarwa za ta daɗe a ransa. Ku sauya tambayar: su wa kuke kwana gida ɗaya da su? Wa ke kula da kai idan ba ka da lafiya? Kowane yaro na da amsar wannan. Hausa ma ta ba ku dukiya a nan, domin kawu da baffa da inna da gwaggo da yaya da ƙane da kaka da jika duk suna da gurbinsu, kuma yara na jin daɗin warware wane ne wane. Kada ku nuna wa yaro cewa irin gidan da ke littafi shi ne daidai, nasu kuwa karkatacce.

Na biyu shi ne ƙabila da addini. Wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Katsinawa da Gobirawa, al'ada ce mai kyau da za a iya bayyana wa yara a matsayin hanyar da magabata suka bi suka mayar da tsohuwar gaba ta zama raha. Amma malami ba ya tsokanar wata ƙabila a gaban aji don a yi dariya, domin yaro ba ya rarrabe wasa da raini, kuma abin da ya ji daga bakin malam gaskiya ce a wurinsa. Idan wani ya furta kalmar cin fuska ga wani jinsi ko addini, kada ku wuce kamar ba ku ji ba, kada kuma ku ɗauko bulala. Ku tsaya ku tambaye shi ko ya san wani mutum daga cikinsu, mai shago ko nas ko makanike ko maƙwabci, ku bar shi ya faɗi halin mutumin. Idan ana maganar bukukuwa, a faɗi Ƙaramar Salla da Babbar Salla da Kirsimeti da Ista yadda masu yin su suka ɗauke su, ba tare da malam ya zama alƙali ba.

Na uku siyasa. Za ku koyar da zaɓe da ƙuri'a da aikin majalisa, kuna iya ma shirya zaɓen monita da akwatin kwali da ƙuri'ar takarda, a ƙirga a gaban kowa, wanda ya faɗi ya taya wanda ya ci murna. Amma jam'iyyarku ta tsaya a waje. Yaran nan 'ya'yan kowane ɓangare ne.

Aji mai cunkoso, da ranar da za a zo duba ku

Wasunku za su tarar da yara tamanin ko ɗari a ɗaki ɗaya, rabi a ƙasa. Duk abin da aka faɗa a sama yana yiwuwa, sai dai da dabara. Ku raba aji gida-gida bisa layin zama, kowane gida da sunansa da mai magana da yawunsa, ku riƙa sauya mai maganar. Ku jefa tambaya, ku ba su minti ɗaya kowa ya tattauna da na kusa da shi, sannan ku zaɓi mai amsawa da kanku, kuna kaiwa har bayan aji da gefen 'yan mata. Ku daidaita da su kan alamar yin shiru, kamar tafi uku, tun ranar farko. Surutun yaran da ke gardama kan wanda zai gyara famfo aiki ne, kuma malamin aji zai gane haka idan kun yi masa bayani tun da wuri. Duka kuwa ku bar shi gaba ɗaya. Ba za ku koyar da haƙƙin ɗan Adam da adalci da bulala a hannu yara su gaskata ku ba.

Malamin da kwaleji za ta turo zai duba lesin not ɗinku, ya ga ko malamin aji ko hedimasta ya sa hannu, ya zauna a baya ya kalli darasin. Abin da zai fara dubawa shi ne manufa. Kada ku rubuta cewa yara za su san shugabanni, domin sani ba a ganin sa. Ku rubuta abin da za a iya gani ko a ji: a ƙarshen darasi yara za su iya jera masu sarauta huɗu daga mai unguwa zuwa sarki, su kuma faɗi bambanci ɗaya tsakanin hakimi da kansila. Tambayoyin ƙarshen darasi su fito daga wannan manufa kai tsaye. Wasu kan koyar da darasi tun jiya, su raba wa yara amsoshi, don a maimaita a gaban mai dubawa. Gogaggen malami yana ganewa cikin minti biyar, kuma mafi muni, yaran sun ga malaminsu na zamantakewa yana shirya yaudara. Ku koyar da darasin da ya zo a jadawali, ku saurari gyaran da za a yi muku, ku rubuta shi a ranar.

Wajen auna fahimta kuma, tambayar "kun gane?" ba ta auna komai. Ku kawo sabon yanayi wanda ba a yi a aji ba. Misali, kwata ta toshe a layinku, ruwan sama na shiga gidaje: me mutanen layi za su iya yi da kansu, me kuma sai an kai wa hukuma? Wanda ya iya raba waɗannan biyu ya kama darasin, ko da rubutunsa bai nuna ba tukuna.

Aikin yi

1. Ku zagaya unguwar wata makarantar firamare da ke kusa da ku, ku cika shafi ɗaya da bayanan da mai koyar da zamantakewa zai buƙata: masu sarauta da zaɓaɓɓun wakilai, hanyar samun ruwa, kasuwa, sana'o'i, wuraren ibada da harsunan da ake ji.

2. Ku zaɓi batu ɗaya daga manhajar aji uku ko aji biyar, ku rubuta tambayar buɗe darasi wadda kowane yaro a wannan unguwa zai iya amsawa daga abin da ya gani da idonsa. Sannan ku tsara cikakken darasin minti talatin da biyar a kanta, da manufa biyu da za a iya aunawa.

3. A aji biyu kuna koyar da iyali, sai wata yarinya ta fashe da kuka, abokiyar zamanta ta ce babanta ya rasu watan jiya. Ku tattauna ku uku-uku: me za ku yi a wannan minti, me za ku yi lokacin tara, me za ku faɗa wa malamin aji?

4. Ku kawo abu uku daga gida ko kasuwa waɗanda ba ku saya don wannan aiki ba, ku gwada koyar da abokan karatunku da su na minti goma, su kuma su faɗa muku sau nawa kuka yi magana, sau nawa kuka bar su suka yi.